Sunayen haruffan Suwidanci: me ya sa O ɗinsu yake fita kamar U?

Sabuwar Zuwa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda suka daɗe a Suwidin ku agaza mini. Watana huɗu a Örebro, kuma makonni uku ke nan da na fara zuwa ajin SFI, inda ake koya wa baƙi Suwidanci. Makon jiya na buga waya wani ofishin masu ba da hayar gida, matar da ta ɗauka ta nemi adireshin imel ɗina, ta ce "Kan du bokstavera?", wato in karanto mata shi harafi-harafi. Na karanto mata yadda aka koya mana a makaranta a Zariya. Kwana biyar ina zuba ido, saƙo shiru. Da na taka na je da kaina sai ta nuna mini abin da ta rubuta: inda nake da A ta sa E, inda nake da E ta sa I, G ɗina kuma ta mai da shi J. Ba laifinta ba ne, abin da kunnenta ya ji ta rubuta. Amma abin ya tsaya mini a rai, don ɗakin da nake nema har an ba wani. Malamarmu ta rera mana haruffan ranar farko, sau biyu, da sauri, ni kuma kunya ta hana ni in ce ta sake. So nake wani ya rubuto mini sunan kowane harafi da rubutun Hausa, in liƙa a bango.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da haƙuri, Allah Ya musanya miki da wanda ya fi shi. Abin da ya same ki ya samu kusan duk wanda ya zo daga Najeriya, kuma tushen matsalar guda ne: da Turancin Ingilishi kika kira haruffan. Bature yana ce wa A "ei", shi kuma Basuwide idan ya ji haka E ne yake faɗo masa a rai. Bature yana ce wa E "ii", a nan kuwa "ii" sunan I ne. Ajiye Turancin nan a gefe, ki koma bokon Hausa da kika yi a aji ɗaya. E ɗinsu "ee" ne kamar na "tebur", I ɗinsu "ii" ne kamar na "kifi". Da Hausa kika yi mata da ba a kai ga haka ba.

Haruffansu 29 ne, wasula 9, baƙaƙe 20. Bari in fara miki da baƙaƙen don su ne masu sauƙi. Bakwai suna ƙarewa da dogon "ee": B bee, C see, D dee, G gee, P pee, T tee, V vee. Wasu bakwai kuma wasalin ne a gaba, gajere, sai a danne baƙin: F eff, L ell, M emm, N enn, S ess, X eks, sai R wanda ake buɗe masa baki sosai, "ärr", tsakanin "err" da "arr". Biyu suna tafiya tare, H hoo da K koo. Ki tuna "ko" ɗinmu na "ko kin zo?", ki ja shi, sunan K ke nan. J kuma "yii" ne, ba "je" ba, ba "ji" ba. Z "seeta". W "dubbel-vee". Q na bar shi a ƙarshe da gangan, saboda wasalin da ke cikinsa babu shi a bakin Bahaushe, kusa da "kuu" ne amma ba shi ba ne.

Shekaruna sun haura ashirin a Göteborg, yawancinsu a kan sitiyarin bas, kuma a rediyon mota na koyi wannan, ba a aji ba.

Sabuwar Zuwa

Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Na kwafe. Amma G ɗin nan ya ɗaure mini kai. Malamarmu ta ce garinku "Yoteborii" ake faɗa, kuma kalmar "ge", wato bayarwa, "yee" ake cewa. To ta yaya sunan harafin ya zama "gee"?

Tsohon Direba

Kunnenki na da kyau. Haka yake. A cikin kalma, idan G ya zo kafin e, i, y, ä ko ö, yakan yi laushi ya koma "y". Amma sunan harafin shi kansa bai bi wannan doka ba, "gee" ne da g mai tauri irin na "gero". Ki riƙe wannan da kyau, don idan kika ce "yee" a waya za su rasa G kike nufi ko J.

Ɗalibi a Umeå

Da izinin Baba, ni ina da ja a kan hanyar gaba ɗaya. Rubuta sautin wani yare da haruffan Hausa yana taimakawa mako guda, sannan ya zame wa mutum ƙarfen ƙafa shekara goma. Misali A. Idan aka rubuta wa Yaya "aa" za ta faɗe shi kamar na "rana", baki a wangale, harshe a gaba. Dogon A na Suwidanci ba haka yake ba, daga can baya yake fitowa, leɓɓa sun ɗan zagaye, har wanda bai saba ba zai rantse "oo" ya ji. Z ɗin ma da Baba ya rubuta "seeta", a rubutunsu "säta" ne, wasalin ya fi na E buɗewa. Waɗannan ƙananan abubuwan su ne ke sa a gane ka ko a kasa gane ka. Shawarata ta saurari 'yan ƙasa, ta ɗauki muryarta a waya, ta kwatanta. Takarda ba ta da murya.

Tsohon Direba

Ban ƙi taka ba ɗana, gyaran da ka yi a kan A da Z daidai ne. Amma yarinyar nan gobe ma za ta iya buga waya. Wanda ƙafarsa ke ciwo sanda yake nema yau, ba a ce masa ya jira sai ta warke. In ta ce "seeta" duk faɗin ƙasar nan babu wanda zai rubuta wani abu ban da Z, don babu wani harafi mai suna kusa da haka. Inda maganarka take da ƙarfi shi ne wasula. Can kam na yarda rubutu ba ya isa, shi ya sa ban taɓa su ba tukuna.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum. Ni a Malmö nake, kuma ina so in ce wa 'yan uwanmu na Najeriya mu da muka yi lakkol da Faransanci wannan wurin ya zo mana da sauƙi. Mushe ya koya mana a, be, se, de, kusan daidai da na nan. I, L, M, N, P, S, T, V duk ba mu sake koyo ba. Namu tarkon daban ne: G da J da H da K, sai kuma E, don sunan E a Faransanci ya fi kama da Ö na Suwidanci. Wata uku na yi ina cewa E ana rubuta mini Ö.

Ga wasulan yadda na kama su. Å shi ne "oo" ɗinmu, kamar na "ƙofa". O kuma "uu" ne, kamar na "kuka", sai dai ana tsuke baki fiye da namu, har ƙarshensa ya yi kamar za a ce "w". Ä shi ne E da aka buɗe wa baki, muƙamuƙi ya sauka. Ö kuwa, ki ce "ee", kada ki motsa harshe, sai ki zagaye leɓɓa. Wanda ya san "deux" na Faransanci ya riga ya san shi. Y ma dabarar ɗaya ce: ki ce "ii", ki bar harshe inda yake, ki turo leɓɓa waje. Dangin u na "tu" ne a Faransanci.

U ne ya fi ba ni wahala, don Faransanci ma bai cece ni ba.

Maman Biyu

U ɗin nan 'yata ce ta koya mini, tana da shekara shida. Ta kama mini fuska da hannu biyu a kicin ta ce Mama kin turo baki da yawa. Bambancinsa da Y a leɓe yake. A Y leɓɓa suna fita waje, har ana iya hango haƙora. A U kuwa ana tsuke su ne a jikin haƙora, a bar 'yar ƙaramar kafa kamar mai shirin yin fito ko mai hura shayi mai zafi, harshe kuma yana gaba-gaba, ba ya komawa baya kamar a namu "uu". Mun yi ta yi gaban madubi da kalmomi uku: "ny", "nu", "ni". Sabo, yanzu, ku. Sai da na yi sati biyu kafin ta ce na iya.

Kuma da kin samu U kin samu Q, don K ne kawai aka ɗora masa a gaba. Ki lura da ukun nan kada su haɗe miki: K "koo", Q da wannan tsukakken U, sannan "kuu" irin namu na Hausa wanda a wurinsu saniya ce, ana rubuta ta "ko".

Sabuwar Zuwa

Yaya Allah Ya raya miki su. Na gwada gaban madubi yanzu, Y ya fara fitowa, U kam har yanzu. Amma tambayata, wa ya ce su juya abu haka? Duk duniya O "o" ne. Su sun mai da shi "u", sun ƙirƙiro wani harafi mai zobe a ka don ya yi aikin O, sannan U ya koma wani abu daban. Da gangan aka yi?

Ɗalibi a Umeå

Ba wanda ya zauna ya tsara shi Yaya, bakin mutane ne ya motsa rubutu ya tsaya. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce, tun kafin a fara buga littattafai da yaren, dogayen wasulansu suka riƙa gusawa ɗaya bayan ɗaya. Dogon "aa" ya ja baya ya zama "oo". Tsohon "oo" ya haura ya zama "uu". Tsohon "uu" kuma ya matso gaba ya zama wannan tsukakken sautin. Masana yarensu suna kiran abin "den stora vokaldansen", wato babbar rawar wasula. Kalmomi uku sun isa su nuna miki: jirgin ruwa da can da dogon a ake faɗarsa, yau "båt" ne, ana cewa "boot". Littafi "bok" ake rubutawa har gobe amma "buuk" ake faɗa. Gida "hus" ne, da sabon U.

Shi ya sa Å ba O ba ne da aka yi wa ado. Asalinsa A ne mai tsawo, wanda marubutan da suke rubutawa "aa". Da sautinsa ya koma "oo" sai aka ɗora masa ƙaramin o a ka. Ä da Ö kuma ƙaramin e ne aka riƙa ɗora wa a da o, da tafiya ta yi tafiya ya koma ɗigo biyu. Abin da ya kafa su a rubutun bugawa shi ne fassarar Sabon Alkawari ta 1526 da cikakken Baibul na 1541, a zamanin Sarki Gustav Vasa.

Sai dai a yi hattara, sunan harafi daban, aikinsa cikin kalma daban. O sunansa "uu", amma a "son" da "komma" da "telefon" sautin Å yake bayarwa. 'Ya'yansu ma suna tambayar malami "o eller å?" idan ana shifta.

Malamar Firamare

Ni ban taɓa zuwa Suwidin ba, a Kano nake koyar da 'yan aji ɗaya da biyu, ƙanena ne ya sa ni a zauren nan. Amma tun safe nake bin maganar don ta shafi aikina. Abin da ya samu baiwar Allah nan muna ganinsa kullum a aji. Yaro yana da abacada ta Hausa, a, ba, ca, da, yana da ta Turanci, kuma da ya shiga aji uku sai ta Turancin ta danne ta Hausar. Ka ce wa babban mutum ya karanto maka sunansa na Hausa harafi-harafi, da Turanci zai yi, har ya rasa yadda zai kira ƙ da ɗ da ɓ. Mu muka yi sake da namu. Ga shi yau an wayi gari wasulanmu na boko sun fi na Turanci amfani a wata ƙasa mai nisa.

Tambayata ga mazauna can: waɗannan masu ɗigo da zobe, dole ne a sa musu? Ko kamar yadda mutanenmu ke watsar da ƙugiya a waya su ma suna watsarwa?

Tsohon Direba

Malama, ba sa wasa da wannan ko kaɗan. A wurinsu Å da Ä da Ö haruffa ne masu cin gashin kansu, kuma a ƙarshen jeri suke, bayan Z, a wannan tsari: Å, Ä, Ö. Idan kina neman Örebro ko Östersund a jerin garuruwa kada ki duba wajen O, ki gangara can ƙasa. Jamusawa suna haɗa ä da a a ƙamus, su ba sa yi. Maƙwabtansu na Danmak da Norwe kuma nasu uku ne su ma, Æ, Ø, Å, amma Å ne na ƙarshe.

Ga misali: "har" yana da, "här" nan, "hår" gashi, "hör" yana ji. Ɗigo biyu ko zobe ne kawai ya raba ukun farko. Kamar "kafa" da "ƙafa", ko "bata" da "ɓata". Har ma biyu daga cikinsu kalmomi ne su kaɗai, "å" rafi ne, "ö" tsibiri. Ni wannan ya sa na koma sa ƙugiya a rubutuna na Hausa. Na ga yaro ɗan shekara bakwai ba ya yarda a cire wa sunan garinsu ɗigo, sai na ji nauyin abin da nake yi wa nawa yaren.

Malamar Firamare

Wallahi gobe sai na faɗa wa ɗalibaina wannan.

Almajirin Jiya

Ni abin da nake so in ƙara, kada wanda ya yi makarantar allo ya ji tsoron wannan. Mun saba. A babbaƙu mun koyi sunan harafi, alu, min jaye, da sauransu, kuma mun san ba haka yake fita a karatu ba sai an zo farfaru. Sunan harafi abu ɗaya, sautinsa abu ɗaya. Haka nan dogon wasali da shadda ba baƙin abu ba ne a wurinmu. Da malaminmu na SFI a Västerås ya rubuta "tak" da "tack", rufin ɗaki da godiya, da "glas" da "glass", gilashi da askirim, 'yan ajinmu da yawa sun kasa jin bambanci. Ni kuwa na ji "baba" da "babba" ne kawai. Dokar ita ce in wasali ya yi tsawo baƙin da ke binsa gajere ne, in wasali ya gajarta a danne baƙin. Sunayen haruffan ma a kan wannan suke: "bee" mai ja, "ell" mai dannewa. Kada ki ce "be" a gajarce ko "eel" a ja.

Ɗalibi a Umeå

Wannan gaskiya ne, kuma ya fi duk abin da na faɗa amfani. Amma bari in sake taɓo wani wuri. Ni a jami'a kusan duk wanda na yi wa Turanci yana amsa mini. Me zai hana Yaya ta ce wa mai ɗaukar waya za ta karanto da Turanci, shi ke nan?

Maman Biyu

Ƙanena, zaman jami'a daban, zaman gari daban. Ko sun iya Turanci, kunnen mai aikin da ya wuni yana rubuta sunaye da Suwidanci yana kan Suwidanci. Ka ce "ii" hannunta ya riga ya rubuta I kafin ta tuna Turanci kake yi. Ai abin da ya faru da baiwar Allah nan ke nan. Sannan rayuwar nan cike take da gajerun sunaye da ba a faɗarsu sai da haruffansu. Makarantar da take zuwa "ess-eff-ii" ce. Jirgin ƙasa SJ "ess-yii". Motocin haya na Stockholm SL "ess-ell". Awon jarirai BVC "bee-vee-see". Hukumar tallafin karatu CSN "see-ess-enn". Gidan talabijin SVT "ess-vee-tee", akwatin kansa "tee-vee". BankID, shaidar mutum ta lantarki da ba ka iya komai sai da ita, "bank-ii-dee". Kantin H&M "hoo-emm" suke cewa. Jami'ar KTH "koo-tee-hoo". In ka tsaya a tasha kana tambayar "es-je" za a daɗe ana kallonka kafin a gane jirgi kake nema.

Ɗalibi a Umeå

Na karɓa Yaya. KTH ɗin ma ni kaina sai da aka gyara mini.

Ɗan Damagaram

Akwai wani abu game da W. Baba ya ce "dubbel-vee", haka ne, amma a gajerun sunaye ba sa wahalar da kansu. Adireshin intanet "vee-vee-vee" suke cewa, bayi WC kuma "vee-see". To in sunanka yana da W, kamar sunayenmu da yawa, Lawal, Hauwa, Marwa, dole ka ce "dubbel-vee" a fili, in ba haka ba V za a rubuta. A kunnensu sautin ɗaya ne.

Ɗalibi a Umeå

Dalilinsa shi ne W bai daɗe da samun kujerarsa ba. Hukumar Svenska Akademien, wadda Sarki Gustav na Uku ya kafa a 1786, ita ce mai fitar da jerin kalmomin da ake kira SAOL, kuma sai a bugu na 13, a 2006, ta ware wa W babinsa. Kafin nan tare ake jera shi da V kamar harafi ɗaya mai riga biyu, shi ya sa tsofaffi da yawa suka taso da cewa haruffa 28 ne. Q da Z ma kusan baƙi ne, sai a sunaye da kalmomin aro. Sautin "z" babu shi sam a yaren, "s" suke yi. Zlatan Ibrahimović, haifaffen Malmö, "Slatan" suke kiransa. Don haka Zainab za ta ji ana kiranta Sainab a ɗakin jira, Jamila kuma Yamila.

Sabuwar Zuwa

Wannan ya faru da ni. An kira sunan ɗana sau uku ban san shi ake kira ba, da J yake farawa. Yanzu na fahimta.

Abin da ya rage mini tsoro shi ne B da V da P. Ko a gida ina fama da su, balle a waya. "Bee", "vee", "pee", duk ɗaya suke fita a bakina.

Tsohon Direba

To nan ne za ki ɗauki makamin da su kansu suke amfani da shi, don su ma layin waya yana haɗe musu B da P, da M da N, da F da S. Suna da jerin sunaye, kusan duk na maza, kowane harafi da nasa: Adam, Bertil, Cesar, David, Erik, Filip, Gustav, Helge, Ivar, Johan, Kalle, Ludvig, Martin, Niklas, Olof, Petter, Qvintus, Rudolf, Sigurd, Tore, Urban, Viktor, Wilhelm, Xerxes, Yngve, Zäta, Åke, Ärlig, Östen. Sojoji da 'yan sanda da masu aikin waya duk da shi suke aiki, mu ma direbobi da shi muke karanta lambar mota. Sai ki ce "B som i Bertil", wato B kamar a Bertil, "V som i Viktor", "P som i Petter". Ko B ɗinki ya fita kamar V, da ta ji Bertil magana ta ƙare.

Ba sai kin haddace duka 29 ba. Ki ɗauki haruffan sunanki da na ɗanki da na imel ɗinki, ba za su wuce goma sha biyu ba, ki rubuta su a bayan katin bas.

Almajirin Jiya

Baba ni a nan ina da ɗan saɓani. Sunayen nan wasunsu sun fi harafin wahalar faɗa. Yngve fa? Wanda bai iya Y ba ta yaya zai iya Yngve? Urban ma da U ɗin yake farawa. Ni garuruwa nake amfani da su, "S som i Stockholm", "M som i Malmö", "U som i Uppsala", kuma ba a taɓa kasa gane ni ba.

Tsohon Direba

Garuruwan suna aiki, ban hana ba, 'yan ƙasa da yawa ma haka suke yi. Amma ka lura, amfanin jerin ba wai ka faɗe shi da kyau ba ne. Amfaninsa mai sauraro ya riga ya san sunaye 29 ɗin, to ko ka karya Yngve ya san babu wani mai kama da shi a ciki. Gari kuwa sai ka zaɓa da hankali. In ka ce "G som i Göteborg" ka kawo sautin "y", in ka ce "K som i Köping" ka kawo wani sauti mai kama da "sh". Gustav da Kalle an zaɓe su ne da baƙi mai tauri.

Almajirin Jiya

Wannan hujja ce. Zan riƙe Gustav da Kalle, amma Uppsala ba zan sake ta ba.

Ɗan Damagaram

Kafin a tashi, wanda zai zo kudu ya sani R ɗin Skåne daga maƙogwaro yake, irin na Faransawa, kusa da gainun na Larabci. "Ärr" ɗin mutumin Malmö da na mutumin Örebro ba ɗaya ba ne a kunne, kuma wasulansu a nan suna lanƙwasa su kamar biyu ne a haɗe. Kada wannan ya ruɗa ki, ke ki yi R ɗinki na Hausa mai kaɗawa, irin na "tara" da ake ƙirgawa, ko'ina za a gane ki. V kuma ki ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ki bar murya ta fita. Muddin leɓɓa biyu suka haɗu, B ne.

Sabuwar Zuwa

Jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Yau da rana na sake buga wa wani ofishin. Na rubuta adireshin a takarda, ƙarƙashin kowane harafi na sa sunansa da na Bertil ɗinsa. Na karanto a hankali, da na zo A na ce "A som i Adam", da na zo G na ce "gee som i Gustav". Ta maimaita mini duka daidai, kuma kafin in ajiye wayar saƙon ya shigo. U ne har yanzu bai zauna ba. Yaya Maman Biyu, in ba damuwa ki turo mini muryar 'yarki tana faɗin "ny, nu, ni", a hankali, sau uku.

Maman Biyu

Tana makaranta yanzu, ƙarfe huɗu nake ɗauko ta. Da mun shigo gida zan sa ta yi miki, har da Q.